Lamba ɗaya a Oktoba, zaman gida a Maris: laifin koci ne ko na masu ƙuri'a?

Dogo: Salamu alaikum jama'ar kwando. Jiya barci ya ƙi zuwa na koma na sake kallon wasan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka tsakanin UNC (Jami'ar North Carolina) da Alabama na Nuwamban 2022, wanda aka yi ƙarin lokaci har sau huɗu ɗin nan, kuma wallahi ina nan kan bakana, kocin UNC Hubert Davis ne ya kashe kakar nan da hannunsa. Ƙungiyar da aka ɗora a lamba ɗaya tun ba a buga wasa ko ɗaya ba, ta ƙare ko gasar Maris ta cin kofin jami'o'in ƙasar ba ta leƙa ba, abin da ba a taɓa gani ba tun 1985 da aka mai da gasar ƙungiya 64. Ya riƙe mutum biyar kamar su kaɗai aka haifa, sauran yara na benci suna ɗumama kujera har kaka ta ƙare. Wanda ke da ja ya fito.

Ɗan Duke: Wa alaikumus salam. Dogo kai ba ka gajiya da tone-tone ne? Ni dai ba ni da ja, ka ci gaba, daɗin ji nake.

Dogo: Kai yi mana shiru, mu muka yi wa kocinku rakiyar ritaya har sau biyu, a gidanku 94 da 81, a New Orleans 81 da 77.

Ɗan Duke: Kofin da kuka ɗauko bayan nan fa, yana ina? A nuna mana hotonsa.

Malam Lissafi: Ni ina da ja. Ba wai koci ba shi da laifi ba, amma maganar taka a gurguje ta fara. Ka ce ƙungiyar da take lamba ɗaya. Wa ya ce ita ce lamba ɗaya? 'Yan jarida ne sittin da 'yan kai suka zauna a watan Oktoba kowa ya rubuta ƙungiya 25 yadda ransa ya ba shi, ta farko a ba ta maki 25 ta ƙarshe maki 1, a tara a fitar da jadawali. Shi ke nan fa ƙuri'ar AP, wato kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Ba a buga komai ba. Kai kuma ka ɗauki wannan takardar kamar sakamakon jarrabawa, ka ce koci ya kayar da ɗalibi mai ta ɗaya. Yaron nan bai taɓa zuwa na ɗaya ba, rigar aka ara masa.

Auta: Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni. In ba a buga wasa ba me suke dubawa suke zaɓen?

Malam Lissafi: Yawwa Auta. Su waye suka dawo daga bara, su waye sababbi, da kuma abin da suka gani na ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ne ya ruɗe su. UNC ta je wasan ƙarshe a Afrilun 2022, mutum huɗu cikin biyar ɗin farko suka ce sun dawo: Armando Bacot, Caleb Love, RJ Davis da Leaky Black. Sai kowa ya ce to an gama. Amma ka tuna da lambar da suka shiga gasar da ita a shekarar? Lamba 8 a rukuninsu. Rukuni huɗu ne, ma'ana kwamitin da ya kalli wasanninsu na wata huɗu ya ga akwai ƙungiya kusan talatin a gabansu. Kentucky ta yi musu 98 da 69 a kakar. Miami ta yi musu 85 da 57. Pitt da ba ta iya komai ba a shekarar ta zo har gida a Fabrairu ta doke su. Sai sati uku na Maris suka goge wata huɗu a ƙwaƙwalwar mutane.

Dogo: Sati ukun da kake rainawa Malam, a ciki aka kori Baylor mai riƙe da kofi, aka kori UCLA, aka kori Duke. Ba 'yan unguwa aka doke ba.

Malam Lissafi: Ban raina ba. Amma Baylor ɗin ma ai kana gaba da maki 25 suka kamo ka sai da aka yi ƙarin lokaci. Ƙwallo ɗaya ta goce a wasan nan da tuni an manta da ku a zagaye na biyu, kuma na rantse da ba wanda zai sa ku a lamba ɗaya a Oktoba. Ƙungiya ɗaya, 'yan wasa ɗaya, bambancin ƙwallo ɗaya.

Kyaftin: Ina ta karantawa ina murmushi. Dogo ɗana, ina so ka amsa min abu ɗaya tsakani da Allah. Daren nan na 5 ga Maris 2022 a Cameron, gidan Duke, da Hubert ya bar mutum biyar ɗin nan suka buga rabin lokaci na biyu gaba ɗaya ba canji ko ɗaya, har aka laƙaba musu biyar na ƙarfe, me ka rubuto mana a nan? Ni ban manta ba. Cewa ka yi an samu koci mai zuciya wanda ba ya wasa da canje-canjen banza. Abin da ka yaba a Maris shi ne kake zagi a Disamba, mutumin bai canza ba, ƙwallon ce ta daina shiga.

Ɗan Duke: Kawu ya kama shi dumu-dumu. A nemo saƙon a turo.

Dogo: Kawu ban musa ba, na faɗa. Amma ai wasa ɗaya daban, kaka guda daban. Za ka iya matse mutum biyar na dare ɗaya, ko na sati uku, amma ba za ka matse su daga Nuwamba zuwa Maris ba. Kuma ko a lokacin ma abin ya nuna kansa. Wasan ƙarshe da Kansas muna gaba 40 da 25 a hutun rabin lokaci, azumi ne lokacin, ni da ƙanena muna zaune gaban talabijin wajen ƙarfe uku da rabi na dare har na ce masa ya je ya ɗora ruwan shayin sahur an gama, kafin ruwan nan ya tafasa sun fara cin tazarar. Ƙafafu sun mutu. Bacot na ɗingishi, Love ya jefa 24 biyar kawai suka shiga. Aka tashi 72 da 69, ko shayin ban sha ba. Kuma wa ya riƙe mu a rabin nan na biyu? Puff Johnson, ɗan benci, maki 11, yaron da ya yi ta gudu har ya durƙusa ya yi amai a fili. Mai hankali da ya ga wannan ai zai ce badi sai na gina benci. Shi kuwa sai ya ƙara ƙulle ƙofa.

Anti Mai Kwando: Sannunku. Na ga an taɓo inda nake so. Ni duk ku biyun kuna da gaskiya kuma duk kun bar babbar maganar. Ba mutum huɗun da suka dawo ya kamata a duba ba, na biyar ɗin da ya tafi ne, Brady Manek. Malam ka ce masu ƙuri'a sun ƙirga huɗu cikin biyar, haka ne, sun ƙirga kawuna kamar ana rabon goro, ba su tambayi aikin wanda ya tafin ba. Manek dogo ne mai jefa maki uku, kusan kashi 40 cikin ɗari na shiga, kuma da ƙwallo ta taɓa hannunsa ta tashi, ba ya tsayawa shawara. To dole dogon da ke tsaronsa ya bi shi waje. Da ya fita sai ƙarƙashin kwando ya zama na Bacot shi kaɗai, Love da RJ kuma su samu hanyar kutsawa. Da ya tafi sai kowa ya koma ciki ya tsaya, ga Leaky Black da ma ba a tsoron jifarsa, mai tsaronsa sai ya ja baya ya je ya taya danne Bacot. Mutum biyu uku a kan mutum ɗaya, su kuma na waje su yi ta dirbil har agogo ya kusa ƙarewa a jefa ta dole.

Auta: Anti ba a kawo wani a madadinsa ba ne?

Anti Mai Kwando: An kawo, Pete Nance daga Northwestern, ɗan Larry Nance na NBA. Kuma a takarda ba laifi, a can kashi 45 yake jefawa daga nesa. Da ya zo sai ya sauko wajen 32, ga ciwon baya. Kuma ba irin wasansu ɗaya ba, shi mai son ya riƙe ƙwallo ne ya duba, ba mai saki nan take ba. Ƙungiyar gaba ɗaya ta ƙare kakar da kashi 31 da ɗan abu a maki uku. Da wannan ko wa ka ɗora a kujerar koci sai ya yi furfura.

Kyaftin: Madalla da Anti. To Dogo ka ji. Koci ne zai shiga ya jefa musu?

Dogo: A'a Kawu, amma shi ne zai cire wanda ba ya ci ya sa wani. Wasan Alabama ɗin nan da na ce na sake kallo, Love ya jefa sau 36. Talatin da shida fa! 13 suka shiga. Eh ya ci maki 34, amma mutum ɗaya ya yi jifa 36 kana tsaye a gefe ka harɗe hannu? Aka tashi 103 da 101. Kwana biyu kafin nan Iowa State ta yi mana 70 da 65 muna gaba har kusan ƙarshe. Daga nan Indiana, daga nan Virginia Tech, huɗu a jere. Daga lamba 1 zuwa 18, sati na gaba babu mu a jadawalin kwata-kwata, farkon Disamba fa. A nan ne ya kamata a ce an girgiza biyar ɗin farko. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Amma ina, in ba rauni ne ya tilasta ba, fuskokin nan dai su ne har Maris.

Kyaftin: A sa wa? Faɗi suna, kar ka tsaya a "wani".

Dogo: Seth Trimble yana nan, Puff yana nan, Dontrez Styles da ya jefa maki ukun nan a farkon ƙarin lokaci da Baylor yana nan, D'Marco Dunn, Jalen Washington, Tyler Nickel. Nickel ɗin nan ana kukan ba mai jefawa daga nesa, yaron da ya bar makarantar ya koma Virginia Tech ya riƙa jefa kusan kashi 40. Styles ya je Georgetown yana cin maki sama da 12 a wasa. Waɗannan ne aka ce ba su isa a ba su minti goma ba?

Malam Lissafi: Georgetown ɗin da ta ci wasa 9 kacal a kakar? Dogo a ƙungiyar da ba ta cin wasa ai dole wani ya ci maki, ba hujja ba ce.

Kyaftin: Bari in ba ku daga abin da na sani, ni ba Amurka na taɓa zuwa ba, filin siminti ne nawa da yara 'yan sakandare. Akwai wani yaro da na taɓa samu, hannunsa kamar an auna, in ya tsaya a kusurwa ba ya ɓarar da ƙwallo. Duk ranar wasa 'yan kallo na ihu a sa shi a sa shi, har mahaifinsa ya same ni bayan sallar la'asar ya ce me ɗansa ya yi min. Ban ce komai ba, na ce ya zo atisaye ranar Laraba ya zauna. Ya zo ya zauna kan bulo ya ga yadda duk wanda yaron ke tsaro yake wuce shi kamar ƙofa a buɗe, ya ci uku a ba da shida ta wajensa. Mutumin ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce Kyaftin Allah ya ba da haƙuri. Abin da nake nufi, mu wasa muke gani na minti arba'in, koci yana ganin yaran nan kullum. Hubert ya buga ƙarƙashin Dean Smith, tsohon kocin UNC, ya yi shekara 12 a NBA, ya zauna gefen Roy Williams, kocin da ya gada, tun 2012 har 2021. Ba zai ajiye wanda zai cece shi a benci don ƙeta ba, kujerarsa ce fa ke rawa.

Anti Mai Kwando: Kawu da girmanka, a nan kam zan saɓa maka. Ni na yi zaman benci a jami'a shekara guda cur, na san abin. Atisaye ba wasa ba ne. Wanda ake sa shi minti biyu, ya san in ya yi kuskure ɗaya za a fitar da shi, wallahi hannunsa rawa yake, ƙwallon ma ba ya so ta zo wajensa. Sai koci ya ce kun gani ko, bai shirya ba. To yaushe zai shirya? Ɗan benci a Nuwamba ake dafa shi, a ƙananan wasannin nan, don a ci moriyarsa a Fabrairu. Kuma sunayen da ka kira su ne ma hujja a kansa. Dean Smith shi ne mai fitar da mutum biyar ya zuba wasu biyar lokaci ɗaya, shi ne ya koya wa 'yan wasansa in ka gaji ka ɗaga dunƙulen hannu a canza ka. Roy kuwa har ƙorafi ake yi canjinsa ya yi yawa. A gidan nan Hubert ya tashi, amma a kakar nan cikin ƙungiyoyi sama da 350 bencinsa na cikin na can ƙasa wajen samun minti.

Dogo: Anti Allah ya biya ki. Kawu ka ji daga bakin wadda ta zauna a kujerar.

Anti Mai Kwando: Kar ka yi saurin murna, ban gama ba. Tambayar ita ce me ya hana shi dafa su a Nuwamban. Ku koma ku duba wasannin farko. Charleston tana gaba a hutun rabin lokaci. Gardner-Webb da ƙyar aka sha, 72 da 66. Portland ma sai da aka yi gumi. Wasannin da ya kamata a ce an ba da tazarar ashirin an zuba yara su yi ta kuskurensu, sai ga shi ana neman tsira. Kuma kana ɗauke da lamba ɗaya a ka, in Gardner-Webb ta doke ka duk Amurka sai ta kwana tana dariya. Da a lamba 15 aka sa su, zai iya cewa bari in gwada yaran nan ko da za a yi asarar wasa ɗaya. Lamba ɗayan ce ta ɗaure masa hannu. Shi ma ya yarda da takardar, ya ɗauka mutanen Maris ɗin nan suna nan za su farka, ya yi ta jira.

Malam Lissafi: To ai maganata ke nan aka dawo. Ƙuri'ar ce tushen ɓarnar.

Anti Mai Kwando: A'a Malam, ƙuri'a ba ta canjin 'yan wasa. Ɗan jarida ya yi kuskure ba abin da ya rasa, sati na gaba ya sake rubuta wata. Wanda ake biya don ya san ƙungiyarsa fiye da 'yan jarida shi ne bai kamata ya ruɗu ba.

Ɗan Duke: Ni fa ku bar zagin ƙuri'ar nan haka. Wasa a gefe, Malam, ka duba sauran na saman a Oktoban: Gonzaga, Houston, Kentucky, Kansas da Baylor. Dukansu sun shiga gasar, Houston da Kansas ma da lamba 1 suka shiga a rukuninsu. Mutum ɗaya ne ya faɗi a ajin. In malami ya yi hasashen ɗalibai shida biyar suka ci, na shidan ne za a tambaya, ba malamin ba.

Malam Lissafi: Wa ya ɗauki kofin a shekarar?

Ɗan Duke: UConn.

Malam Lissafi: Lamba nawa take a Oktoba? Babu ita a cikin 25 ɗin gaba ɗaya. Ƙungiyar da ta bi kowa ta doke shi da tazarar maki goma ko fiye a wasa shida, ga Adama Sanogo ɗan Mali yana azumi yana buga wasa har aka ba shi gwarzon zagayen ƙarshe, mutum sittin ba su hango ta ba. Purdue ma ba ta ciki, ta zo ta hau lamba ɗaya ta zauna makonni.

Ɗan Duke: Purdue ɗin da Fairleigh Dickinson mai lamba 16 ta kora a wasan farko? Ashe masu ƙuri'ar Oktoba sun fi na Janairu gani ke nan.

Malam Lissafi: Kai dai ba a raba ka da gardama. Na ba ka wannan.

Auta: Ni abin da ya ɗaure min kai, na ga an ce sun ci wasa 20 sun faɗi 13. Wannan ai ba lalacewa ba ce. Me ya sa aka hana su shiga, ko don sun fita daga jadawalin AP ne?

Malam Lissafi: Ko kusa. Kwamitin zaɓe ba ruwansa da AP. Tun kakar 2018 zuwa 2019 akwai wani ma'auni da ake kira NET, da shi suke raba wasanni aji huɗu. Ajin farko shi ne ka kara da ƙungiyar da ke cikin 30 na sama a gidanka, ko cikin 50 a filin da ba na kowa ba, ko cikin 75 a gidanta. Tambayar kwamiti ita ce manya nawa ka kayar. UNC ta buga irin waɗannan goma ta ci ɗaya. Ɗaya tak. Duke ta doke su gida da waje, 63 da 57 da kuma 62 da 57...

Ɗan Duke: A maimaita wannan layin don Allah, bai fito sosai a wayata ba.

Malam Lissafi: ...Pitt ma sau biyu, sannan Virginia ta rufe ƙofa a gasar ACC, ƙungiyar jami'o'in da UNC ke ciki, 68 da 59. Ka lura da makin da UNC ta ci a wasannin Duke ɗin nan Auta, 57 da 57. Tsaronsu bai lalace ba, kwandon ne ya ƙi su.

Dogo: Kuma ka lura duk wasannin nan a mintunan ƙarshe ake kwace su. Pitt da maki 2 da maki 1, Alabama da 2, Duke da 6 da 5. Wannan ba gajiya ba ce? Mutum ya buga minti 36, 37, a minti biyun ƙarshe ƙafa ba ta ɗaga shi, jifa ta faɗi gaban ƙarfe. Biyu daga cikin waɗannan a juya su, da an shiga gasar, da ba ma wannan hirar.

Kyaftin: Ko kuma a ce da an sa 'yan benci da tazarar ba ta tsaya a 2 ba, da ta kai 12. Wannan ba wanda zai iya rantsuwa a kai, ni da kai duka.

Anti Mai Kwando: Akwai dai dare ɗaya da aka ɗan leƙa. Janairu a gidan Virginia, Nance ba ya nan saboda baya, Bacot ya gurɗe ƙafa tun farkon wasa, dole aka sa Jalen Washington, yaron ya ci 13. An faɗi wasan, amma an ga yana da abin yi. Da manyan suka warke sai ya koma inda yake.

Kyaftin: Yaron da ya zo da ciwon gwiwa tun daga sakandare, Anti. Lallaɓa shi ake yi. Ni abin da zan ƙara, ku dubi shekarar da ta biyo. Kocin nan dai, bai je ko'ina ba. Aka kawo Harrison Ingram daga Stanford, Cormac Ryan daga Notre Dame, ga ƙaramin yaro Elliot Cadeau mai rarraba ƙwallo. Suka ci 29 suka faɗi 8, suka ɗauki ACC da 17 da 3, lamba 1 a rukuninsu, aka ba shi gwarzon koci na ACC, RJ Davis gwarzon ɗan wasa. Wanda bai iya ba ne zai yi wannan? Kayan miya ne ba su haɗu ba a waccan shekarar, ba mai girkin ba.

Dogo: Kawu wannan ai hujjata ce ka ɗauko min. Me ya gyara RJ? An sa Cadeau a biyar ɗin farko ya karɓi rabon ƙwallo, RJ ya koma neman kwando. A waccan kakar shi da Love duk masu neman kwando ne, biyu a tukunya ɗaya, ba mai ba wani. Ashe ya san ana iya ɗaukar sabon yaro a sa shi a farko. To me ya hana a gwada irin haka da Trimble? Sai da mutum bakwai suka tattara kayansu suka bar makarantar sannan ya gane.

Ɗan Duke: Love ɗin da kuka mai da shi saniyar ware ya je Arizona ya zama gwarzon ɗan wasan Pac-12, ƙungiyar jami'o'in da Arizona take ciki a lokacin, a 2024. Ku da ya jefa muku ƙwallon da ta kore mu ta saman Mark Williams saura daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Ni da ya ƙona ma ban yi masa abin da kuka yi masa ba.

Anti Mai Kwando: Wannan kam gaskiya ce, an zalunci yaron da baki. Rabuwar ta yi wa kowa kyau, shi ya gyaru, RJ ya gyaru. Amma hakan ma yana nuna haɗin ne bai yi ba, kuma raba su a fili, wannan ya huta wannan ya buga, ba sai an jira kaka ta ƙare ba.

Malam Lissafi: Ni dai a rubuta cewa ƙungiya ce ta wajen lamba 25 zuwa 40 shekara biyu a jere, ta yi zazzaɓin sati uku a tsakiya. Kakar 2021 zuwa 2022 29 da 10 da lamba 8, ta bayanta 20 da 13. In ka cire Manek daga ta farkon abin da za ka samu ke nan.

Dogo: To in haka ne me ya sa suka ƙi zuwa NIT, gasar waɗanda ba su samu shiga ta Maris ba, da aka gama? In sun san matsayinsu ke nan ai sai su je su buga, a ba yaran bencin nan minti talatin-talatin a ga abin da ke jikinsu. Dama ta ƙarshe ita ma aka ce ba a so.

Kyaftin: Nan kam ba zan kare shi ba. Ni da na je. Wasa ko na sada zumunci ne ba na mayar da shi.

Ɗan Duke: Jama'a a shaida, Kawu ya sauka daga kan dokinsa.

Kyaftin: Ƙafa ɗaya na sauke, ɗana. Maganar benci ina nan inda nake. Dogo in kana so a ƙare ta, ranar Asabar muna da wasa da yaran tsallaken titi, zo ka riƙe min allo. Ina da yara goma sha biyu da iyayensu a bakin fili, kai za ka yi canjin.

Dogo: Ƙarfe nawa?

Kyaftin: Huɗu da rabi, bayan la'asar. Ka zo da ruwan leda, bencin ma ba mu da shi, kan bulo ake zama.

Anti Mai Kwando: Auta ka je ka ɗauko mana bidiyo. Ina so in ga minti nawa yaro na goma sha biyu zai samu in ana bin su Dogo da maki huɗu.